Yadda Ake Warware Tsohon Tikitin Mota a Amurka Kafin Ya Zama Warantin Kamu

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a Amurka, ko direban tasi ne a Bronx, ko mai jan tirela ne da ya ajiye iyalinsa a Greensboro, ko ɗalibi ne mai lallaɓa tsohuwar mota zuwa makaranta, da wuya a ce ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ya miƙa masa tikiti ba. Mafi yawan waɗannan takardu da tara suke ƙarewa, a biya a wuce wurin. Wahalar tana farawa ne ranar da aka cusa takardar a aljihun mota aka manta da ita, kuma wannan sakaci ya fi kama wanda ya taso a inda maganar hanya a bakin hanya ake kashe ta, domin bai saba kallon 'yar takardar da ɗan sanda ya yago masa a matsayin sammaci ba. A can kuwa sammaci ce sosai. Tana ɗauke da sunan kotu, da lambar shari'a, da ranar da dole ka amsa, kuma sa hannun da aka ce ka yi a ƙasanta, a jihohin da ake sa hannu, alkawari ne ka ɗauka cewa za ka amsa kira, ko da yake bai zama amsa laifi ba. Daga ranar da wa'adin ya wuce ba ka biya ba, ba ka je ba, ba ka kuma nemi a ɗage zaman ba, maganar ta tashi daga tsakaninka da ɗan sanda ta koma tsakaninka da alƙali.

Fara da sanin irin takardar da ke hannunka

Dokar hanya a Amurka ta jiha ce, jihohin kuma 50 ne, kowace da tsarinta, har ma kotunan gundumomi da na birane a cikin jiha guda sukan sha bamban a yadda suke tafiyar da aiki. Saboda haka labarin da wani ya ba ka a ƙofar masallaci bayan Juma'a, cewa shi ya shekara biyar bai biya ba kuma ko ƙwarzane bai same shi ba, yana iya zama gaskiya a garin da abin ya faru, amma ya kai ka ga kwana a ofishin 'yan sanda a garin da kake.

Mafi sauƙi shi ne tikitin fakin da wanda kamara ke ɗauka a aiko ta gidan waya. A galibin wurare waɗannan motar suke bi, wato wanda sunansa ke kan rajistarta shi ake bi bashi, ko da ƙaninsa ne ya ari motar ranar. Idan ba a biya ba, kuɗin yana ƙaruwa, ana iya hana sabunta rajista, ana kuma iya ƙulle tayar motar ko a ja ta. A birnin Niyok, da zarar bashin tikitin fakin da na kamara da aka yanke wa hukunci ya haura dala 350, motar ta cancanci a ƙulle ta a duk titin da aka gan ta.

Sai tikitin da aka ba ka kana cikin tuƙi, kamar na gudun wuce kima, ko ƙetare danja, ko riƙe waya. A nan ne bambancin jihohi ya fi fitowa fili, kuma a nan ne ya kamata ka nutsu. A Kalifoniya yawancinsu ƙananan saɓa-doka ne waɗanda ba a ɗaure mutum a kansu, sai dai ƙin cika alkawarin bayyana a kotu laifi ne mai zaman kansa a dokar motoci ta jihar. A cikin birnin Niyok, wani sashe na hukumar lasisi ne ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, ba kotun masu laifi ba, don haka hukuncin wanda ya yi shiru shi ne a dakatar da lasisinsa a kuma yanke masa hukunci a bayan idonsa. A Teksas kuwa, tikitin gudu ma ƙaramin laifi ne da ke gaban alƙalin birni ko na gunduma, hukuncinsa tara ce kaɗai, amma alƙalin yana da ikon sa hannu a warantin kama wanda ya ƙi zuwa. A Jojiya abin ya fi haka nauyi, domin dokar jihar ta ɗauki laifukan hanya a matsayin laifukan da hukuncinsu zai iya kaiwa tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 12, ko da yake ba a cika kai wa nan ba. A Bajiniya, wanda ya zarce iyakar gudu da mil 20 a sa'a, ko ya haura mil 85 a sa'a kome iyakar hanyar, tuhumar tuƙin ganganci ce ke kansa, wadda ke iya jawo ɗaurin wata 12 da tarar dala 2,500. Matafiya da yawa da suka ratsa jihar kan babbar hanya sun koma gida da irin wannan takarda suna zaton tikitin gudu ne kamar kowane, alhali tuhumar aikata laifi ce.

Akwai kuma waɗanda a galibin jihohi laifi ne na sosai: tuƙi cikin maye, guduwa daga inda aka yi haɗari, da tuƙi da lasisin da aka dakatar. Idan takardarka tana cikin waɗannan, ko an rubuta a jikinta cewa bayyana a kotu wajibi ne, to, kada ka yi wani motsi sai ka ga lauya.

Yadda shiru ke zama waranti

Tsarin Karolina ta Arewa misali ne mai kyau, domin wa'adinsa a rubuce yake. Wanda bai bayyana ranar da aka sa masa ba yana da kwana 20 ya gyara. Idan suka wuce, kotu za ta ƙara masa dala 200 ta kuma sanar da hukumar lasisi, ita kuma ta aika masa da wasiƙa cewa lasisinsa zai daina aiki bayan kwana 60. Wasiƙar tana zuwa adireshin da ke kan lasisi ne, kuma wannan ne ramin da mutanenmu suka fi faɗawa. Baƙon da ya sauka a ɗakin ɗan'uwa ya yi lasisi da adireshin wurin, bayan shekara ya kama nasa ɗaki bai sanar da hukuma ba, ko ya tafi gida ganin iyaye ko aikin Hajji ya yi wata uku, duk wasiƙun da aka aiko sun tafi kwandon shara. Shi yana tuƙi hankali kwance, bai san lasisinsa ya mutu ba, sai ranar da aka tsayar da shi don fitilar baya da ta ƙone, allura ta tono garma. Yanzu tuhumar da ke kansa ta tuƙi ba lasisi ce, wadda ta fi tikitin farko nauyi nesa ba kusa ba.

A inda tikitin ke gaban kotun masu laifi, alƙali yana iya ba da waranti tun ranar da aka kira sunanka ba ka amsa ba. A takardun kotu za ka ga haruffan FTA, waɗanda ke nufin rashin bayyana, a wasu jihohin kuma, kamar Teksas da Fulorida, za ka ga kalmar Latin capias, wadda ma'anarta umarnin kamu. Ba a cika aiko 'yan sanda gida kan irin wannan waranti ba. Yana kwance ne a kwamfuta yana jiran ranar da wani jami'i zai shigar da sunanka, kuma ba ya tsufa ba ya ruɓewa: ƙa'idar wucewar lokaci tana hana a shigar da ƙara a makare ne kawai, ba ta kashe ƙarar da aka riga aka shigar. A shekarar 2016, a shari'ar Utah da Strieff, Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi amfani da abin da aka samu a jikin wani mutum da aka tsayar ba bisa ƙa'ida ba, saboda an gano akwai warantin laifin hanya a kansa. Ma'anar wannan ga mai tsohon tikiti ita ce warantin ya ba ɗan sanda damar kama shi da caje shi a duk inda suka haɗu.

Kada kuma a raina yawan abin. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a Maris 2015 kan garin Ferguson na jihar Misuri ya nuna cewa a garin da mazaunansa kimanin 21,000 ne, mutum fiye da 16,000 ne kotun garin ke nema da waranti, yawancinsu kan ƙananan abubuwa. Rahoton ya kawo labarin wata mata da aka ci tarar dala 151 kan fakin ba daidai ba a 2007, wadda aka kama sau biyu, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, amma har zuwa Disamba 2014 ana bin ta dala 541. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka tikitin fakin ba ya taɓa kai mutum ga kamu. Idan dokar garin ta mai da shi ƙarar kotu, yana kaiwa.

Barin jihar ma ba mafita ba ne. Mafi yawan jihohi suna cikin yarjejeniyar da ta sa idan ka yi biris da tikitin wata jiha, za a sanar da jihar da ta ba ka lasisi ta dakatar da shi har sai ka je ka gyara. Akwai kuma rajistar direbobi ta ƙasa da kowace jiha ke dubawa kafin ta ba da sabon lasisi ko ta sabunta tsoho, saboda haka wanda aka dakatar a Ohayo ba zai koma Minesota ya fara da farar takarda ba.

Yadda za ka gano halin da kake ciki

Abu na farko shi ne ka nemi kundin tuƙinka daga hukumar lasisi ta jiharka, wadda a yawancin jihohi ake kira DMV. Ana samunsa ta intanet da 'yan daloli kaɗan, kuma zai nuna maka ko lasisin yana aiki, da makin laifin hanya da aka rubuta maka, da sunan kotun da ta sa aka dakatar da kai idan an yi hakan. Idan ka ga an dakatar, ka ajiye makulli daga wannan sa'a. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda motar ce abincinsa, amma kowace fita da za ka yi bayan ka sani tana iya zama sabuwar tuhuma, kuma ba za ka iya cewa ba ka da labari ba.

Daga nan sai kotun. Ba a taru an zuba duk warantin ƙasar a wuri guda da kowa zai iya dubawa ba. Rumbun bayanai na FBI da ake kira NCIC na jami'an tsaro ne kaɗai, kuma ƙananan waranti da yawa ba sa ma kaiwa can, suna tsayawa ne a kwamfutar jiha ko ta gunduma. Don haka dole ka tuna garin da aka tsayar da kai, ka nemi shafin kotun wurin, ka bincika da sunanka da ranar haihuwarka ko lambar tikitin. Idan shafin bai nuna ba, ka buga wa ofishin akawun kotu waya ka yi tambaya huɗu: ko shari'ar tana buɗe, ko an ba da waranti, nawa ne jimillar kuɗin, da kuma ko ana iya kashe maganar ba tare da ka zo da kanka ba. Ka rubuta sunan wanda ya amsa maka da ranar. Kada ka taka zuwa ofishin 'yan sanda don yin wannan tambaya, domin idan amsar ta zama e, aikin wanda ka tambaya ne ya riƙe ka nan take. Wanda yake tsoron ko wayar ma, lauya zai iya yi masa binciken.

A kula da 'yan damfara, waɗanda suka gane cewa tsoron waranti kasuwa ce. Saƙon waya da ke cewa ka biya kuɗin tikiti ko na ƙofar hanya yau ko a kama ka, tare da adireshin intanet da za ka latsa, na ɓarayi ne, kuma hukumar FBI ta yi gargaɗi kan irinsa tun 2024. Kotu ba ta karɓar kuɗi ta katin kyauta na kanti ko kuɗin kirifto, ba ta kuma yin ciniki da mutum ta waya. Lambar da za ka kira ita ce wadda ka samo da kanka daga shafin kotun.

Yadda ake kashe maganar

Kafin ka ciro katin banki, ka san cewa biyan tikiti amsa laifi ne. Idan ƙaramin tikiti ne kuma kundinka fes yake, biyan ya fi sauƙi, kuma a kotuna da yawa da an biya warantin ya faɗi. Amma ga direban haya, ko mai lasisin manyan motoci, ko wanda ba ɗan ƙasa ba da ke fuskantar tuhumar da ta wuce saɓa-doka, biyan gaggawa yana iya zama sayen sauƙin yau da wahalar shekaru, domin hukuncin zai hau kundi, maki ya ƙaru, kuɗin inshora ya tashi. A kotuna da yawa mai gabatar da ƙara yana yarda a rage tuhumar, ko a tura mutum ajin koyon tuƙi a yafe makin, sai dai sashen da ke sauraron tikitin birnin Niyok ba ya yin wannan sulhu, kuma dokar tarayya ta hana a ɓoye hukuncin mai lasisin manyan motoci ta irin wannan hanya. Shi mai wannan lasisi wajibi ne ma ya sanar da kamfaninsa cikin kwana 30 idan an same shi da laifin hanya, ban da na fakin.

Idan waranti ya riga ya fita, hanya mafi aminci ita ce lauya ya shigar da roƙon a janye shi a sa sabuwar rana, kuma a ƙananan ƙararraki sau da yawa shi kaɗai zai tsaya a madadinka. Lauyan gwamnati na kyauta ana ba da shi ne a shari'ar da za ta iya kai mutum gidan yari, saboda haka mai tikitin tara kaɗai kada ya sa rai. Ya nemi ƙungiyoyin ba da taimakon shari'a ga marasa ƙarfi da ke garinsa, ko ya biya lauyan tikiti, wanda galibi kuɗinsa ƙayyadadde ne. Wanda zai je da kansa ya fara tambayar akawu ko kotun tana da ranar da ake karɓar masu zuwa don kansu ba tare da kamu ba. Dokar Teksas, bayan gyaran da aka yi mata a 2017, ta umarci alƙali ya janye warantin rashin bayyana idan mutum ya kawo kansa don warware maganar kafin a kama shi. Ka je da safe a farkon mako, kada ka je Juma'a da yamma, domin idan abin ya juye aka tsare ka, mai yiwuwa sai Litinin za ka ga alƙali. Ka tafi da shaidar abin da ya hana ka zuwa, kamar hatimin fasfo da tikitin jirgi ko takardar asibiti, ka shirya wanda zai ɗauko yara daga makaranta, ka kuma bar motarka a gida idan lasisin ba ya aiki. Idan Turancinka na kasuwa ne, ka gaya wa akawu tun kafin ranar cewa kana buƙatar tafintan Hausa. Jin kunyar wannan ya sa mutane sun ce e ga abin da ba su fahimta ba.

Rashin kuɗi ba dalilin ɓuya ba ne, kuma wannan ita ce maganar da na fi so ta isa kunnen kowa. A 1971, a shari'ar Tate da Short, Kotun Ƙoli ta duba batun wani mutum da aka ci tarar dala 425 kan laifukan hanya a Houston aka kuma tsare shi don ya kasa biya, ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki. A 1983, a shari'ar Bearden da Jojiya, ta ƙara da cewa dole alƙali ya bincika ko mutum ƙin biya ya yi da gangan ko kasawa ya yi, kafin ya ɗaure shi. Amma wannan kariya sai ka tsaya gaban alƙali ka faɗa za ta yi maka aiki. Ka zo da takardun albashi, da na haya, da na tallafin gwamnati idan kana karɓa, ka roƙi a rage tarar, ko a raba maka ita kashi-kashi, ko a musanya ta da aikin hidimar jama'a. A jihar Niyok, tun 2021 an daina dakatar da lasisi saboda rashin biyan tara kaɗai, an kuma ba da damar biyan dala 25 a wata ko kashi 2 cikin 100 na abin da mutum ke samu, duk wanda ya fi yawa. Kalifoniya ta daina irin wannan dakatarwa tun 2017. Sai dai a Niyok ɗin, wanda ya ƙi amsa tikitin gaba ɗaya har yanzu ana dakatar da shi.

Bayan an gama, ka karɓi takardar hukunci mai hatimin kotu da rasit, ka kuma tambaya ko kotun ce za ta sanar da hukumar lasisi ko kai za ka kai. Wanke ka a kotu bai dawo da lasisi ba. Hukumar tana da nata kuɗin maidowa, kuma sai kundinka ya nuna lasisin yana aiki za ka koma kan sitiyari. Ka riƙa yawo da kwafin takardar janye warantin na 'yan makonni, domin kwamfutar motar ɗan sanda takan yi jinkirin samun labari.

Abin da mai bincike zai gani a kanka

Binciken tarihin mutum da ake yi kafin a ɗauke shi aiki ko a ba shi haya ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne na kundin kotunan masu laifi, kuma ƙaramin tikitin da aka biya a jihar da ba ta ɗauke shi laifi ba ba ya fitowa a ciki. Amma tikitin da ke matsayin laifi, da tuhumar rashin bayyana, da shari'ar da ke buɗe da waranti a kanta, duk suna iya fitowa, kuma mai ɗaukar aiki da ya ga an rubuta ana neman mutum ba ya tsayawa ya tambayi ko kan fitilar baya ce. Idan aikin na tuƙi ne, za a haɗa da kundin lasisi, inda kome ke bayyana. Kamfanoni irin su Uber da Lyft suna maimaita wannan bincike a kan direbobinsu lokaci-lokaci, shi ya sa mutum kan wayi gari ya ga an rufe masa manhaja kan tikitin da ya manta da shi. Ta fuskar kundin bashi kuwa, tun 2016 manyan kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, suka daina saka bashin tikiti da tara a rahotonsu.

Dokar tarayya ta 1970 da ake kira FCRA ta ba ka haƙƙoƙin da ya kamata ka riƙe. Mai ɗaukar aiki ba zai sa kamfani ya bincike ka ba sai da izininka a rubuce. Idan zai ƙi ka saboda abin da ya gani, dole ya fara ba ka kwafin rahoton da bayanin haƙƙinka kafin ya yanke shawara. Idan ka ƙalubalanci wani abu a ciki, kamfanin binciken yana da kwana 30 ya tabbatar ko ya goge. Kamun da bai kai ga hukunci ba ba a kawo shi bayan shekara bakwai, sai idan albashin aikin ya kai dala 75,000 a shekara, amma hukuncin laifi dokar tarayya ba ta sa masa wa'adi ba, ko da yake wasu jihohi, ciki har da Kalifoniya, sun taƙaita shi zuwa shekara bakwai.

Wannan haƙƙi na ganin rahoto ya fi muhimmanci a gare mu fiye da yadda ake zato. Yawancin binciken kamfanoni da suna da ranar haihuwa ake yinsa, ba da zanen yatsu ba, mu kuwa Muhammad Abubakar da Ibrahim Musa da Abdullahi Usman sun yi mana yawa, ga shi kuma mutane da dama 1 ga Janairu aka rubuta musu a fasfo. Warantin wani yana iya hawa kan sunanka ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Idan haka ta faru, ka rubuta wa kamfanin binciken, ka haɗa da kwafin lasisi da takarda daga kotun da ke nuna ba kai ba ne. Za ka iya neman kundinka na FBI da zanen yatsunka kan dala 18. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka yi duk wannan wata biyu ko uku kafin ka fara cike takardun neman aiki. Haka kuma, kada zumunci ya sa ka ara wa kowa lasisinka ko ka bari a ba ɗan sanda sunanka. Wanda ya yi hakan ya aikata laifi, kai kuma tikitin da ba ka san da shi ba zai zama warantinka.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, nauyin ya ninka. Da zarar an kama mutum an ɗauki zanen yatsunsa, bayanin yana zuwa FBI, daga can kuma ya isa hukumomin shige da fice, saboda haka kwana ɗaya a tsare kan tikitin dala 150 yana iya buɗe ƙofar da ba ta rufuwa da sauƙi. Jami'an filin jirgi ma suna duba rumbun waranti idan mutum ya dawo daga tafiya. Mai biza, da mai jiran hukuncin neman mafaka, da wanda ba shi da takardu, kada ɗayansu ya kai kansa kotu kan waranti ko ya amsa wani laifi sai ya yi shawara da lauyan da ya san dokar shige da fice, ba lauyan tikiti kaɗai ba.

Mai katin zama na dindindin da ke shirin cike fom N-400 na zama ɗan ƙasa zai tarar da tambaya kan ko an taɓa kama shi, ko tsare shi, ko ba shi takardar laifi, kuma tikitin tuƙi yana cikin abin da tambayar ta ƙunsa. Ka faɗe shi. Ƙa'idar USCIS, hukumar da ke duba takardun zama ɗan ƙasa, ita ce ba sai ka kawo takardu ba idan ba a kama ka ba, ba maye a ciki, kuma hukuncin bai wuce maki ko tarar da ta gaza dala 500 ba, amma wannan sauƙi kan kawo takardu ne, bai ba da izinin ɓoyewa ba, kuma ƙarya bayan rantsuwa ita kaɗai ta isa a hana mutum. Shari'ar da ke buɗe tana iya tsayar da takardunka cak, don haka ka rufe kowace kafin ka aika da fom ɗin, ka tafi ganawar da takardun kotu masu hatimi a jakarka ko da ba a nema ba. Kuma duk lokacin da ka sake gida, ka sanar da hukumar lasisi sabon adireshinka cikin wa'adin jiharka, wanda a Niyok da Kalifoniya kwana 10 ne, a Teksas kwana 30, sannan ka sanar da USCIS cikin kwana 10 da fom AR-11.